Kiran da Ba Shi da Lamba

A gindin Goron Dutse aka haifi Murja, a gidan Malam Isyaku mai gyaran rediyo. Kakanninta Fulani ne masu shanu, amma kafin a zo kan mahaifinta shanun sun ƙare, abin da ya rage wa gidan sai dogon hanci da 'yan kalmomin Fulatanci da ake tsawata wa yara da su. A zaure Malam Isyaku yake aikinsa, cikin tarin rediyoyin mutane da ƙaurin dalma. Duk 'ya'yansa gudun ƙaurin nan suke yi, ban da Murja. Da ta gama sakandare sai ta karanci kwamfuta da haɗa netwok, ta fito ta auri Ɗalha, mai sayar da takalman fata a Kasuwar Kurmi. Shi mutum ne mai raha, ita kuwa magana ba ta dame ta ba. Doguwa ce, tana sa tabarau, kullum da jakar wayoyi a ƙarƙashin hijabinta.

Abin da ya buɗe mata kasuwa a cikin gari shi ne maza masu irin aikinta iyakarsu zaure. Ita kuwa sallama ɗaya ta ishe ta shiga har ƙuryar ɗaki.

A shekarar da annobar korona ta kulle mutane a gidajensu, wani ƙaramin asibitin mata da ke kusa da Ƙofar Ɗan Agundi ya sami taimakon na'urorin kiran bidiyo. Mai asibitin, Dakta Kausar, ta sa aka rarraba allunan kiran a gidajen ungozomomi da na tsofaffi masu hawan jini da ciwon suga, don mace ta ga likita ba tare da ta taka titi ba. Murja aka ɗauka ta haɗa su. Ita ta bi lungu-lungu tana kafa allo a bango, tana ba kowanne lambarsa. A asibitin kuma aka ba ta wani ɗan ɗaki, aka ajiye mata wani baƙin akwati da bai fi tiren shayi faɗi ba.

Dakta Kausar ta tambaye ta aikin akwatin. Murja ta ce, "Sarkin ƙofa ne, Dakta. Duk kiran da ya taso daga gidajen nan, a gabansa yake fara tsayawa. Ya dubi lambar da aka danna, ya dubi inda kiran ya fito, sannan ya nuna masa hanya. Amma ba shi da wayon kansa, sai ƙa'idar da na rubuta masa."

Ta zauna ta tsara ƙa'idojin. Lambar da ta fara da ɗaya, ɗakin awon ciki. Wadda ta fara da biyu, ɗakin yara. Uku, allon Dakta, in ba a ɗauka ba kiran ya wuce wurin nas mai aikin rana. Daga sama zuwa ƙasa akwatin yake bin su, wadda ta fara dacewa da kiran da ita yake aiki. A can ƙasa ta rubuta ta ƙarshe, cewa duk kiran da bai dace da ko ɗaya ba a kawo shi teburinta.

Fa'izu, injiniyan kamfanin da ya kawo kayan daga Abuja, ya duba aikin ya yaba, amma ya ce, "Malama Murja, wannan ta ƙarshen wahala za ta jawo miki. Kowa katse irin wannan kiran yake yi."

Ta ce, "Tsohuwar da ba ta gani sosai, in ta danna ba daidai ba sai a katse ta? A bar ta ta zo wurina, ni in miƙa ta."

Ta wannan ƙa'idar ta shaƙu da wata tsohuwa, Ya Bintu. Babarbariya ce, kakanninta daga Borno suka zo suka zauna a bayan Kurmi tun ba a san mota ba. Mijinta, malami mai rubuta Alƙur'ani da hannu, ya daɗe da rasuwa, 'ya'yanta kuma duk suna wasu garuruwa. Sana'arta haɗa turaren wuta. Kusan kullum bayan azahar sai allon Murja ya yi ƙara, ɗakin tsohuwar ya bayyana: bangon ƙasa, rufin azara, jeren tasoshi, koren labule, da kaskon turare yana hayaƙi a gefe.

"Ya Bintu, yau ma kin ɓata hanya."

"Wa ya ce miki ɓata na yi? Ke Bafulatana, kin ci abinci kuwa, ko kina nan kina jiran nono?"

Murja, wadda ba ta iya wasa da kowa ba, sai ga ta tana ramawa. Ta ce ai Barebari in ba don Fulani ba ko hanyar gida ba sa ganewa. Tsohuwar ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Wani lokaci ma ba hira suke yi ba. Murja na aikinta, Ya Bintu na jan carbi, allo a buɗe tsakaninsu har a kira la'asar.

Cikin damina Allah ya yi wa Ya Bintu rasuwa, maƙwabta suka same ta a kan sallaya. Murja ta je gaisuwa, ta yi kukanta, ta kwance allon daga bango ta dawo da shi. Ta goge lambarsa daga cikin akwati, ta cire batirinsa, ta naɗe wayar a jikinsa, ta sa a kwali ta tura ƙarƙashin tebur. Ba a daɗe ba ta ji labarin wani ruwa mai ƙarfi ya sa ɗakin tsohuwar ya rufta.

Sai da damina ta ɗauke abin ya fara. Ranar wata Talata ce, rana ta take, asibitin tsit, ma'aikata wasu na salla wasu na cin abinci. Murja ta buɗe ɗanwakenta ke nan allonta ya yi ƙara. Ta duba wurin da lambar mai kira take fitowa, ba komai, fili fetal. Ta ɗauka.

Ɗaki ne. Bangon ƙasa, jeren tasoshi, koren labule. Kaskon turare na gefe, hayaƙi na tashi daga cikinsa a hankali. Ba kowa a ciki.

Murja ta yi sallama. Ba a amsa ba. Sai wata 'yar ƙara da take ji can ƙasa-ƙasa, ƙas, ƙas, ƙas, kamar 'ya'yan carbi na haɗuwa. Ta sunkuya ta jawo kwalin da ke ƙarƙashin tebur. Allon Ya Bintu na ciki yadda ta ajiye shi, da wayarsa a naɗe, har ƙura ta hau. Kafin ta ɗago kiran ya katse.

Washegari ya sake shigowa a daidai wannan lokacin, jibi ma haka. Ta kira Fa'izu a waya ta gaya masa. Ya ce kada ta damu, yakan faru kira ya fita ya zagayo ya dawo wa akwatin, shi kuwa ya nuna tsohon hoton da ya maƙale a cikinsa.

Ta ce, "Hoton da ya maƙale, hayaƙi yana tashi a cikinsa? Labule yana motsi?"

Ya yi 'yar dariya. "Malama, ki rubuta ƙa'ida a can sama, duk kiran da ba shi da lamba a ƙi shi. Magana ta ƙare."

Ta rubuta. Washegari allonta bai yi ƙara ba, ta ci abincinta har da suɗe hannu. Da yamma sai ga Hafsat, nas ɗin ɗakin awon ciki, ta leƙo tana cewa wani ya kira ta da rana ya bar ta da ɗaki ba kowa, wane irin wasa ne wannan? Murja ta koma gaban akwatin. Ta ƙara wata ƙa'idar ta tsare ɗakin awo. Kiran ya faɗa ɗakin yara. Ta tsare nan ma. Daga nan asibitin ya huta, har ta fara cewa a ranta ta yi maganinsa.

Ashe fita ya yi. Murja ba ta taɓa rubuta ƙa'idar da za ta tura kira zuwa gidajen mutane ba. Daga gida zuwa asibiti ta shimfiɗa hanyar, ba ta juya ta ba. Amma ranar Asabar sai ga 'Yardada, tsohuwar ungozomar unguwar bayan Kurmi, ta shigo da sandarta da wani abu naɗe a zani. Ta dire shi a kan tebur, allon gidanta ne.

"Karɓi kayanki, 'yar nan."

"Lafiya, Baba? Lalacewa ya yi?"

"Lafiyarsa ƙalau, shi ya sa na kawo shi. Ɗakin Bintu yake nuna min da tsakar rana. Kada ki ce min ba shi ba ne. Ni na yi mata wankan gawa, na san kowace tasa a bangon nan."

Kafin mako ya zagayo labari ya cika lunguna. Wasu matan suka lulluɓe allunansu da zani, wasu suka zare wayar gaba ɗaya. Wata mai tsohon ciki ta kwana biyu tana ciwon kai da kumburin ƙafa, ta ƙi yarda a kunna allon gidan ungozomarsu, sai a sume aka kawo ta a adaidaita. Allah ya sa an ceto ta da ɗanta. Dakta Kausar ta shigo ɗakin Murja ta rufe ƙofa, ta ce, "Ni ban san abin da ke faruwa ba, kuma ban ce laifinki ne ba. Amma in matan nan suka kashe allunan, wata ba za ta iso da rai ba."

Murja ta gaya wa Ɗalha. Karon farko tun aurensu da ta kawo masa magana bai mai da ita raha ba. Ya raka ta wurin limamin unguwarsu, Malam Abdulmuttalib. Liman ya saurara har ta gama, sannan ya ce, "Wanda ya tafi ya tafi, ba ya dawowa. Ko ma mene ne wannan, ba ita ba ce. Ita ki yi mata addu'a. Shi kuma ki nemi tsarin Allah daga gare shi, kada ki yi hira da shi."

Ta riƙe maganar liman. Amma ita mai aikin waya ce, zuciyarta ta ƙi kwanciya. Hoto ba ya zuwa sai da kyamara, kyamara ba ta aiki sai da wuta. Ta ce a ranta wataƙila wani ne ya kafa wata na'urar a gidan yana tsorata mutane. Ta roƙi 'Yardada ta raka ta, kuma ta zaɓi lokacin da kiran yake shigowa, don ta kama mai yi a kan aikinsa.

Suka ratsa Kurmi bayan azahar, ta layin masu fata da na masu kayan yaji, suka faɗa wani siririn lungu da mutum biyu ba sa jerawa. Ƙyauren gidan da waya aka ɗaure shi. Wata maƙwabciya ta kwance musu, ta koma gidanta da sauri. Tsakar gidan ciyawa ta fito ta bushe. 'Yardada ta tsaya a bakin ɗakin ta dogara sandarta, ta ce nan ne iyakarta.

Murja ta yi bisimilla ta shiga. Azara ta karye ta zubo, rana na dukan tsakiyar ɗakin, ƙadangaru na gudu a kan tarin ƙasa. Ba tasa, ba labule, magada sun kwashe komai. Ta duba bango inda ta taɓa kafa allo, ramukan ƙusoshinta ne kawai. Ba waya, ba batir, ba sawun kowa a ƙasa sai nata.

Wayarta ta yi ƙara a cikin jaka. Dakta Kausar ce.

"Murja, kina ina?"

"Ina ɗakin Ya Bintu, Dakta."

Dakta ta ce, "Kiran ya shigo allona yanzu. Ina ganinki. Hijabi ruwan toka ne a jikinki, waya na kunnenki na hagu. Ɗaga ɗaya hannun."

Murja ta ɗaga.

"Na gani," in ji Dakta.

"Dakta, ɗakin nan ba shi da rufi. Rana nake ciki."

"A nan yana da rufi. Ga labule, ga tasoshi." Muryarta ta yi ƙasa. "'Yardada tana tare da ke?"

"Ga ta can a bakin ƙofa, ina kallonta."

"To wace ce zaune a bayanki?"

A lokacin ne ƙamshin turaren wuta ya cika wa Murja hanci, sabo, kamar yanzu aka zuba shi a garwashi. Ta dubi 'Yardada. Tsohuwar ba ta ji abin da aka faɗa a waya ba, amma fuskar Murja take kallo, kuma ita ma hancinta ya buɗe. Ta miƙo hannu ta ce a hankali, "Taho, 'yar nan. Taho haka, kada ki waiwaya."

Murja ta taho tana karanta abin da ya zo bakinta. Ba ta waiwaya ba har suka fito bakin kasuwa, cikin hayaniyar 'yan dako da masu baro. A nan ta zauna a kan wani benci, wani mai shago ya ba ta ruwa ta sha.

Zazzaɓi ya kwantar da ita 'yan kwanaki. 'Yardada ta zo duba ta, ta zauna a bakin gado tana murza mata ƙafa. Ta ce, "Ni ban san aikinku ba. Amma lokacin da yake zuwa wurinki, bai shiga gidan kowa ba. Da kika rufe masa ƙofa ya fara yawo. Ki ba shi wurin zama mana, ba sai kin zauna da shi ba."

Ranar da ta koma aiki, Murja ta goge duk ƙa'idojin da ta rubuta don tsare kiran. Ta ɗauko wani allo da ba a amfani da shi, ta kai shi sito a bayan asibiti, inda ake ajiye karyayyun kujeru. Ta liƙe kyamararsa, ta juya fuskarsa ga bango, ta saita shi ya riƙa ɗaukar kira da kansa. Sannan ta dawo ta rubuta sabuwar ƙa'ida a saman duk sauran: kiran da ba shi da lamba, a kai shi sito. Ta kulle siton ta ba Dakta mukulli.

Daga ranar bai sake faɗawa allon kowa ba. 'Yardada ce ta fara zuwa ta karɓi nata, ta ɗora shi a ka ta ratsa unguwa da shi don kowa ya gani. A hankali sauran matan suka yaye zannuwan. Amma duk wanda ya bi ta bayan asibitin da tsakar rana yakan ji 'yar ƙara sau ɗaya daga cikin sito, sannan shiru. Da Fa'izu ya zo duba kayan a ƙarshen shekara, ya ga ƙa'idar ya ce sai an nuna masa. Murja ta kai shi ƙofar siton a kan lokaci, Dakta ta miƙa masa mukulli. Ya tsaya da mukullin a hannu har ƙarar ta zo ta wuce. Ya ɗan kara kunnensa a ƙyauren, ya janye, ya mai da wa Dakta mukullinta, ya ce tun da komai na aiki a bar shi haka.

Murja ta taɓa tambayar Dakta Kausar wadda ta gani zaune a bayanta ran nan. Dakta ta ce a lulluɓe take, ba ta ga fuska ba, kuma ba ta son a sake tayar da maganar.

Bayan shekara biyu magada suka sayar da gidan Ya Bintu, wanda ya saya ya baje shi ya yi ginin bulo ya zuba 'yan haya. Cikinsu akwai wata Jamila, mai ciki da hawan jini, Dakta ta ce lallai a kafa mata allo. Lokacin aikin ya yi yawa, an ɗauki wata ma'aikaciyar mai suna Ikram suna yi tare. Murja ta haɗa kayan, ta ba allon sabuwar lamba, ta miƙa wa Ikram, ta ce ita ba za ta je ba. Ikram ta je ta kafa, ta dawo ta ce gida ne kamar kowane gida, har an ba ta kunun aya. Tun daga ranar da aka kunna allon Jamila ba a sake jin ƙara a sito ba. Kiran Jamila kuwa da lambarsa yake zuwa, ya wuce ɗakin awo yadda aka tsara.

Har yau Murja na asibitin, gidajen da ke hannunta sun ninka na da. Ba ta goge ƙa'idar ba, ba ta kuma buɗe siton ba. Abincin rana a tsakar gida take cinsa yanzu, tare da nas-nas, har sun ce ashe tana da magana. Jamila ta sauka lafiya, ta sami 'ya mace, ta aiko musamman a gaya wa Malama Murja ta zo suna. Murja ta sayi atamfa da sabulai ta ba Ikram ta kai mata, ta ce a yi mata barka, a ce ranar tana da aiki a wani gida.